A riƙa koya wa yaran sola lissafin haɗa waya

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan yaranmu masu koyon aikin wayarin da haɗa sola a nan Kaduna.

Yanzu duk unguwar da ka shiga, Rigasa ne, Kawo ne, Tudun Wada ne, farantin sola ne a kan rufin kwano, kuma yaro wata uku da fara bin oga sai ka ji ana ce masa injiniya. To madalla da neman na kai, amma wallahi da yawansu ka tambaye su bambancin haɗin siris da faralal sai kame-kame.

Abin kuma ba wuya. A siris wuta hanya ɗaya take bi, rizisto, wato abin da ke rage gudun wuta wanda ake aunawa da om, mai om 10 ka jera shi da wani mai om 10 sun zama 20, wutar da ke wucewa ta ragu, in ɗaya ya tsinke kowa ya mutu. A faralal kuwa kowanne da hanyarsa, waɗannan biyun dai sai su koma om 5, wato ƙasa da guda ɗaya ma, nan ne kan mutane ke ɗaurewa. Shi ya sa wayarin gida faralal ne, kowane soket yana samun bolt 230 ɗinsa, kwan falo ya ƙone na ɗaki yana ci. Amma fa duk abin da ka ƙara jonawa wutar da ake ja ƙaruwa take, sai ka ga an ɗora hita da dutsen guga da firij kan ekstenshin ɗaya mai siririyar waya, ta yi zafi ta narke, a wayi gari ana cewa tsautsayi ne.

Batir ma haka. Biyu masu bolt 12 a siris 24 ne, a faralal suna nan 12 sai dai su fi daɗewa. Inbata mai 12 ka ba ta 24, kuɗin mutum sun tafi, ga tsadar kaya yanzu.

Dokar Ohm, wadda ta nuna alaƙar bolt da om da wutar da ke wucewa, tun 1827 take, ɗalibai na haddace ta saboda jarabawa kawai, masu riƙe da filaya kuma ba wanda ya zaunar da su. Ina roƙon malaman Kaduna Poli su riƙa shirya ɗan horo da Hausa ko a Panteka ne ranar Asabar, ku ma jaridarku ku ware shafi ko sau ɗaya a wata, da zane, ogogi su riƙa karanta wa yara a shago.

Naku,
Wani mai aikin wayarin,
Tudun Wada, Kaduna