Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya zuba mini harsashin gida a tsakiyar hunturu

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Abin da ya sa na fito da maganar nan fili shi ne amsar da manajan aikinku ya ba ni ranar 9 ga Afrilu da ƙarfe 4:30 na yamma, bayan na gaji da kira ba a ɗagawa. Na gaya masa ruwa na tsattsafowa ta bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tsagar da ke kusurwa kuma har yatsa na shiga. Sai ya ce, "Malam, kankare dama tsagewa yake yi. Kai ka matsa a yi gini da sanyi." Ya kashe waya.

Ban matsa wa kowa ba. Ku kuka ce kuna da kayan aikin hunturu, har kuka ƙara kuɗi a takardar kwangila na bargunan rufe kankare da injin ɗumama wuri. Na biya kashi 40 cikin ɗari tun kafin a haƙa rami, na ƙara wani kason a Janairu. Bargo ko ɗaya ban gani ba.

Ranar 18 ga Disamba aka zuba kankaren harsashi a kan ƙasar da ta kwana a buɗe ta daskare. Magina suka tashi da la'asar, suka bar shi a fili, da dare sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Injiniyanku ya san ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ya san ɗanyen kankaren da ƙanƙara ta kama a kwana ɗaya ko biyun farko zai iya rasa rabin ƙarfinsa, kuma ko an jira kwana 28 ƙarfin ba zai dawo ba. Daskararriyar ƙasa kuwa idan ta narke zaunawa take yi, harsashi ya bi ta. Duk da haka kuka cire katakon da ke riƙe da kankaren da wuri, kuka mayar da ƙasa mai curin ƙanƙara jikin bango tun ba a ɗora daben da zai tokare shi ba.

A gidan nan 'ya'yana za su kwana, ranka ya daɗe.

Ina buƙatar injiniyan da ba naku ba ya zo ya huda bangon, a gwada ƙarfin kankaren, ku biya kuɗin gwajin. In ya gaza, a rushe a sake. Ku mayar mini da kuɗin bargunan, ku kuma ba ni takardar awon zafin ranakun, in har an taɓa rubuta ta. Ragowar kuɗinku na riƙe.

Kuma ba na jin ni kaɗai aka yi wa haka. Kamfanin da ke karɓar kuɗin kariyar sanyi ya ƙi yin aikin, ya rufe shaida da ƙasa, ya san aibin ba zai fito ba sai ƙanƙara ta narke. Gidaje nawa kuka zuba wa harsashi a hunturun nan? Zan kai wannan tambayar ga hukumar duba gine-gine tare da hotunan da na ɗauka.

Naku,
Mai gidan