Kafin kwamitocin masallatai su sayi kyamarar da ake sarrafawa daga nesa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na garin Kaduna kan kyamarorin nan da ake kafawa a jikin bango ko ginshiƙi, ana juya su hagu da dama, sama da ƙasa, ana kuma jawo hoto kusa ba tare da kowa ya taɓa su ba, waɗanda masu sayarwa ke kira PTZ. Garin nan ya daɗe da sanin darajar kai karatu ga wanda bai samu zuwa masallaci ba, tun lokacin da tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na masallacin Sultan Bello ke shiga gidaje ta rediyo har zuwa rasuwarsa a 1992. Yanzu aikin ya koma Facebook da YouTube, kuma da zarar azumi ya gabato sai a fara karo-karo domin a sayi kyamara. Abin da ya dame ni shi ne kuɗin kan ƙare a kan kyamarar ita kaɗai, a bar waya da wuta da sauti da mutumin da zai zauna a bayanta, alhali su ne ke sa karatu ya kallu ko ya lalace.

Tun a kanti ake fara shiga rami, domin kyamarar tsaro ma tana juyawa, kuma ta fi arha. Amma an ƙera ta ne don gadin harabar gida: juyawarta da fizga ce, launinta kuma ba na kallon fuskar mutum na awa biyu ba ne. A nemi wadda aka yi domin watsa shiri, a kuma tambayi ko ninkin jawo hoton da aka rubuta a kwali na gilashin kyamarar ne ko kuwa na kumbura hoto kawai, wanda ke dusashe shi. Ga babban masallaci, ninki 20 na gilashi yakan wadatar.

Wurin kafawa shi ma abin lura ne. Masu aiki sun fi son maƙala ta can kusa da silin don kada hannu ya kai gare ta, sai ka ga masu kallo suna kallon saman rawanin malam, ba fuskarsa ba. Gara a sauko da ita ta ɗan ɗara kawunan jama'a, tana fuskantar malam da alaramma, nesa da fanka, domin girgizar da ido ba ya gani takan zama rawa sosai idan an jawo hoto. Idan kuma akwai taga a bayan malam, to a sa labule, in ba haka ba fuskarsa za ta fito baƙi ƙirin.

A kan waya da wuta ne nake so kwamitoci su fi zuba kuɗi. Wayar sadarwa guda ɗaya, irin wadda ake kira Cat6, tana iya ɗaukar hoto da umarnin juyawa da wutar kyamarar gaba ɗaya, muddin akwatin da ake jona wayoyin yana ba da wuta bisa tsarin PoE+, wanda ke fitar da wat 30 a kowace kafa. Iyakar tsawonta mita 100 ne, kuma dole ta zama ta jan ƙarfe zalla, ba irin mai arhar nan ta alminiyan da aka shafa wa jan ƙarfe a sama ba. Sannan a ɗora akwatin da kwamfutar a kan inbata. Duk wanda ya taɓa kallon shiri aka ɗauke wuta ya san abin da ke biyo baya: kafin janareta ya tashi hoto ya yanke, idan wuta ta dawo kuma kyamarar sai ta yi juyin gwajin kanta, ta leƙa silin, ta leƙa bango, malam kuwa ya wuce aya uku. A ba kowace kyamara adireshin da ba ya canzawa a kan hanyar sadarwar, don kada a neme ta a rasa bayan irin wannan katsewa.

Sarrafawa kuwa, yawancin kyamarorin nan suna jin tsarin umarni na VISCA wanda kamfanin Sony ya ƙirƙiro, saboda haka ana iya tuƙa su da na'ura mai sandar juyawa, ko daga kwamfuta ta manhajar watsa shiri ta OBS, wadda kyauta ce. Sirrin aikin shi ne a ajiye wurare tun kafin a fara: lamba ɗaya fuskar malam, biyu alaramma, uku su biyun tare, huɗu sahun jama'a. Sai a rage gudun juyawa. Idan kyamarori biyu ne, a motsa wadda ba ita jama'a ke gani ba, sai ta tsaya cak sannan a koma kanta.

Wutar ƙasar nan mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60, saboda haka kyamarar da aka saita wa waccan kasuwa za ta riƙa nuna layuka suna gudu a ƙarƙashin fitilunmu har sai an mayar da ita 50. Sauti kuma a ɗauko shi daga amsa-kuwwar masallaci kai tsaye, a ɗan jinkirta shi a manhaja, domin hoto ya fi shi nawa wajen isowa, kuma baki da murya su saɓa a karatun Alƙur'ani ba ƙaramin aibi ba ne. Batun data, shiri mai gudun megabit 4 a daƙiƙa yana cin gigabait 1.8 a awa, kwamiti ya lissafa na wata guda tun da wuri.

Akwai kuma amana. Kyamarar da ke jawo fuska daga ƙarshen masallaci tana iya jawo ta dattijon da barci ya sace, ko ta leƙa sashen mata. Ya kamata kwamiti, ba yaron da ke riƙe da sandar ba, ya yanke inda aka yarda ta kalla, a kuma toshe iyakar juyawarta a cikin saiti idan tana da wannan damar. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ranar da aka kafa ta, kada kuma a buɗe ta ga intanet kai tsaye, domin wanda ya samu shiga zai iya juya ta daga ko'ina.

Ina ba da shawarar kowane masallaci ya horar da matasa biyu aƙalla, a ware musu ɗan alawus, a rubuta saitin a takarda a ajiye wurin sakataren kwamiti, a kuma tanadi ƙyalle mai laushi na goge gilashi saboda ƙurar hunturu. A yi gwajin komai tun cikin watan Sha'aban, har da kashe wuta da gangan a ga yadda kayan za su yi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wani mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna.