Sanarwa kan albashin malamin zane

Assalamu alaikum iyayen yara, barkanmu da warhaka.

A taronmu na ranar Asabar bayan la'asar akwai batun da nake roƙon a ba shi lokaci: albashin malamin zane da aikin hannu na makarantar yaranmu. Abin da ake ba shi bai kai mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, kuma sau da yawa daga aljihunsa yake sayo fenti da kwali. Wai don darasinsa wasa ne, ba kamar lissafi ba.

Ku zaro naira ashirin ku juya bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. A ƙauyensu ta koyi sana'ar tun tana yarinya, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har tukwanenta suka kai Landan. Wasa ne ya ɗora hotonta a kan kuɗi? Haka masu rini a Ƙofar Mata da dukawa da masu ɗinkin hula, kowannensu sai da wani ya zaunar da shi ya kama masa hannu.

Ni dai ɗiyata ba ta ko buɗe baki a aji, sai da malamin nan ya fara manna zanenta a bango.

Za mu rubuta wa hukumar makaranta takarda. Wanda ba zai samu zuwa ba, don Allah ya ajiye ra'ayinsa a nan kafin Juma'a.