Ku daina faɗa mana rabin zance kan maganin mura na China

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaskiya shirinku na ranar Laraba ya ɓata min rai. Baƙon naku ya zauna yana ta cewa wai bincike ya tabbatar maganin gargajiyar China ya fi Tamiflu, maganin mura na asibiti, mai gabatarwa kuma sai "ƙwarai, ƙwarai" yake yi, ko tambaya ɗaya bai masa ba.

Eh an yi binciken, ban musa ba. Lokacin murar aladu ta 2009 aka yi shi a asibitocin China kan mutum 410, aka fitar da sakamako a 2011. Wanda ba a ba komai ba zazzaɓinsa ya sauka cikin awa 26, mai Tamiflu awa 20, mai shan jiƙon gargajiyar awa 16. To amma su wa aka gwada? Yawanci matasa ne masu jini a jika da murar ba ta kama su sosai ba, kuma kowa ya san abin da yake sha. Saukar zazzaɓi aka auna fa, ba a ce ya hana mutuwa ko kwanciya asibiti ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, cikin magunguna 12 da aka haɗa akwai wani ganye mai suna ma huang, wato ephedra, wanda Amurka ta hana sa shi a kayan ƙarin lafiya tun 2004 saboda yana tayar da hawan jini. Ni na ɗanɗana. Na je sarin kaya Guangzhou mura ta kayar da ni, wani abokin harka ya kawo min ƙwayoyi masu wannan ganyen, ni kuma ina da hawan jini ban san me ke ciki ba don rubutun duk da Sinanci ne, wallahi daren nan ban rintsa ba zuciyata kamar za ta fito, har wasiyya na turo wa ƙanena. Yanzu dattijo ya ji ku ya aika a sayo masa, alhakin wa?

Ba raina maganinsu nake ba, ai daga tazargade masaniyar kimiyyar China Tu Youyou ta ciro maganin maleriyar da muke sha har ta samu kyautar Nobel a 2015, amma shi an gwada an sake gwadawa.

Sannan don Allah wannan layin wayar naku, sati uku ina kira kullum a kashe, sai ku ce masu sauraro ba su bugo ba.

Naku mai sauraro,
daga Kantin Kwari, Kano