A koya wa yara 'yan wasa yadda za su danne fushi

Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu horar da yara ƙwallo a Zariya, daga Sabon Gari har Samaru. Yaro zai iya murza leda, amma alƙalin wasa na hura usur a kansa sai idonsa ya rufe, ya kai wa wani tokari, a ɗaga masa jan kati. Tsawar koci daga bakin fili ƙara hura wutar take yi.

Maganin shi ne atisayen tattara hankali, minti 3 kafin kowane horo. A zaunar da su, kowa ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga 4, ya sake shi a hankali yana ƙirga 6. Tsawaita fitar iska ne ke rage bugun zuciya. In tunani ya ɓalle, ya dawo da shi kan ƙirga, ba faɗa. Daga nan ya ambaci abin da yake ji a ransa: fushi ne, ko tsoro? A fili kuwa numfashi ɗaya ya isa, yana jin tafin ƙafarsa a ƙasa. Mai ƙwallon kwando daƙiƙa 5 kawai dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta ba shi a jifan kyauta, sai ya yi nasa numfashin kafin a miƙo masa ƙwallo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara koyarwa ranar gasa. Abin da jiki bai saba ba, ba ya zuwa a tsakiyar ihun 'yan kallo. Mai zuƙar iska da sauri kuma jiri zai kwashe shi. A kuma yi wa iyaye bayani tun farko, don wasu na zaton wata baƙuwar ibada ce.

Naka,
Mai horar da matasa, Tudun Wada, Zariya