Sana'ar da Nake Yi a Landan

Zuwa ga Mahaifina, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da Inna da sauran mutanen gida, na rubuto ne domin in amsa tambayar da kuka aiko ta bakin Yaya, game da irin aikin da nake yi a nan.

Ina ƙarƙashin wani dattijo ne mai zane da fentin mai. Ni ne nake ɗaure masa yadi mai kauri a jikin katako, in shafe shi da farin fenti, in wanke burushi idan an tashi. Fentin kansa garin launi ne da ake kwaɓawa da man ƙwayar wata shuka mai suna linsid, kuma ba ya bushewa da wuri, domin shafi ɗaya yakan ɗauki kwanaki kafin a ɗora wani a kansa. Wajibi ne shafin sama ya fi na ƙasa maiƙo, in ba haka ba zanen ya tsattsage. Ko an kammala, sai an jira aƙalla wata 6 kafin a shafa masa man ƙyalli.

Mutane sun fi jin labarin kuɗi. A garin nan aka sayar da Tutu, zanen Ben Enwonwu, wani mai zane ɗan Nijeriya, a kan fam miliyan 1.2 a shekarar 2018, alhali shi ya rasu tun 1994. Maigidana kuwa yakan yi watanni ko sisi bai shigo ba, ga kuɗin haya, kuma idan an sayar, masu ɗakin baje kolin sukan ɗauki kusan rabi. Duk da haka gari ba ya wayewa face yana tsaye gaban aikinsa, wannan ne ya sa nake ganin girmansa ƙwarai.

Baba, na san damuwarku game da zana abu mai rai, kuma ban manta da tarbiyyar da kuka ba ni ba. Abin da na fara da hannuna Hasumiyar Gobarau ce, amma launin ginin ya gagare ni, domin wanda nake haɗawa ya cika duhu. Ina roƙo ku sa ƙanina ya ɗauko mini hotonta bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi, ya turo ta waya.

A gaishe mini da Inna, ina kuma neman addu'arku.

Ɗanku mai biyayya.