Masu Kwashe Mana Shara Da Haɗarin Ciwon Hanta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yaran nan masu kwashe mana shara a Kaduna. Ranar Asabar a layinmu nan Rigasa, yaron da ke zuwa da baro ya sa hannu zai ɗaga leda sai allurar sirinji ta soke shi a yatsa, wallahi ina tsaye ya tsotse jinin ya tofar, ya goge a wando ya ci gaba da aikinsa kamar ba komai, ba safar hannu, silifas ne ma a ƙafarsa. Tun ranar abin ke damuna.

Ƙwayar cutar hanta nau'in B ta jini take bi, kuma tana iya yin kwana 7 da rai a jikin allura ko reza ko jinin ya bushe. Mutum sai ya yi shekaru da ita bai sani ba, sai ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa sannan a fara cewa sammu ne. Ga rigakafi nan akwai, allura 3 cikin wata 6, amma sai a 2004 aka sa ta cikin rigakafin jarirai a Najeriya, kenan magidantan da ke wannan sana'a da 'yan jari bola da yawa ba su samu ba.

Gwamnatin jiha da 'yan kwangilar shara, a yi musu gwaji da rigakafi kyauta mana, a ba su safar hannu mai kauri da takalmin roba. Masu kemis da masu yin allura a gida kuma, ku ji tsoron Allah, ku riƙa zuba allura a gora mai murfi, ku daina cusa ta cikin ledar shara.

Naku,
Wani mazaunin Rigasa, Kaduna